Bijimi ɗaya shekara bakwai: abin da barbarar dangi ta yi wa garkenmu

Darasinmu na yau a kan barbara ne tsakanin shanu masu jini ɗaya. Zan fara da garken gidanmu, don a can na koyi abin.

Mahaifina, a yankin Dakoro, yana da wani jan bijimi Azawak mai babban tozo. An sha taya shi, ya ƙi saidawa. Shekara bakwai shi kaɗai ke haye shanunmu. Maruƙan farko sun fito da kyau. Daga baya sai muka fara samun ƙanana, marasa kuzari. A damana ɗaya biyu suka mutu kafin su cika wata, ga ciyawa ko'ina. Karsanu suka riƙa jinkirin ɗaukar ciki, nono ya ragu a ƙwarya. Muka ba da maganin tsutsa, muka sayi dusa, ba canji. Da malamin dabbobi ya zo, bayan ya duba su, ya nuna wata saniya ya ce: "Baba, wa ya haifi wannan, kuma wa ya haye ta?" Amsar ɗaya ce. Bijimin yana haye ɗiyanshi.

Ga yadda abin yake. Kowane maraƙi yana gadar rabin halittarshi daga uba, rabi daga uwa. Dabba mai lafiya tana iya ɗauke da ɓoyayyen lahani da ba ya fitowa, saboda abin da ta gada ta ɗaya ɓangaren ya rufe shi. In uba da uwa dangi ne, sau da yawa lahani iri ɗaya suke ɗauke da shi, sai ya haɗu a jikin maraƙi ya bayyana. Masana suna auna wannan kusanci: uba da ɗiya, ko ɗa da uwa, ko waɗanda suka haɗa uwa da uba, kashi 25 cikin 100 ne. Waɗanda suka haɗa uba kaɗai, kashi 12 da rabi. In aka ci gaba, lissafin taruwa yake yi.

A da, garkuna suna cuɗanya a mashaya da wajen tafiyar kiwo, har zuwa lasar gishiri ta Ingal, jini yana sakewa da kanshi. Yau da yawanmu shanu kaɗan muke tsarewa a gida don nono, da bijimi ɗaya. Can ne haɗarin ya fi yawa.

Ku lura: yunwa, tsutsa da ciwon da ke sa ɓari su ma suna kawo waɗannan alamu. A fara kiran malamin dabbobi ya duba.

Abin da muke yi yanzu:

1. Ba mu riƙe bijimi fiye da shekara uku. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara, karsana kuma a kiwonmu takan isa barbara wajen shekara uku. Ya kamata ya bar garke kafin ɗiyanshi su isa.
2. Ba mu maye gurbinshi da ɗanshi, don ƴan'uwanshi zai haye.
3. Maruƙa maza da ba mu zaɓa ba, muna kai su a dandaƙe su da wuri, mu yi turka da su ko noma.
4. Muna musayar bijimai da membobin wani gari mai nisa, bayan mun tambayi asalin kowanne. Mai neman Azawak na asali ya tambayi ma'aikatar kiwo labarin cibiyoyin Tukunus, kusa da Filinge, da Ibesetan a jihar Tawa.
5. Sabon bijimi muna ware shi aƙalla sati uku, a duba shi, a tabbatar an yi mishi rigakafin ciwon huhu.
6. Sakataren ƙungiya yana da littafi: sunan saniya, ubanta, uwarta, shekarar haihuwa.

Ranar da muka kai jan bijimin kasuwa, mahaifina bai ci abincin dare ba. Amma maruƙan da baƙon bijimi ya ba mu sun tashi da ƙarfi, suna kama nono tun ranar farko.

A taro mai zuwa, kowa ya zo da amsar tambaya biyu: shekara nawa bijiminka ya yi a garke, kuma shanu nawa a ciki ɗiyanshi ne?