Maganin Farfaɗiya da Ƙwayoyin Bitamin

Wannan takarda domin masu ciwon farfaɗiya ce, da iyayensu, da duk mai kula da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon nan sun kai wajen miliyan 50, ta kuma ce cikin goma, bakwai za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace, suna sha ba fashi. To, mutane da yawa su kan haɗa maganin likita da ƙwayoyin bitamin, ko ruwan ƙarin jini da su ke saye a kemis ko wajen masu talla a tashar mota, ba su gaya wa kowa. Wani haɗin yana da amfani, wani kuwa ɓata maganin ya ke yi.

Maganin farfaɗiya tsare ciwon ya ke yi, muddin akwai gwargwadon da a ke bukata cikin jini dare da rana. In ya ragu, ciwon ya tashi. In ya yi yawa, mutum ya riƙa jiri da tangaɗi. Akwai tsofaffin magunguna uku: fenobabiton, wanda a ka fara ba masu farfaɗiya a Jamus cikin 1912, da fenitoyin na 1938, da kabamazefin da a ke sayarwa da sunan Tegretol. Halinsu ɗaya ne. Suna sa hanta ta yi gaggawar aiki, ta riƙa rushe bitamin D tun jiki bai more shi ba. Bitamin D kuwa shi ke taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam, watau sinadarin da ke gina ƙashi. Sabo da haka wanda ya yi shekaru yana shan ɗayansu, ƙashinsa na iya yin rauni, ya karye da 'yar faɗuwa kaɗan. Yaro kuwa ƙafafunsa na iya tanƙwarewa.

Wani zai ce, mu da rana ke dukanmu kullum, ina za mu rasa bitamin D? Gaskiya ne fata ce ke yinsa in rana ta taɓa ta. Amma fa matar da ke cikin kulle, da yaron da a ka ɓoye a ɗaki don kunyar ciwonsa, ba su samun rana sosai. Ɓoyon nan ma ba shi da dalili, domin ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau ko ta taɓawa. Irin waɗannan su ne likita zai fi so ya ba su bitamin D, a kuma yawaita musu nono da ƙwai da kifi.

Magungunan nan su kan rage folik asid kuma, har jini ya yi ƙaranci. A nan sai an yi hankali, domin shi ma folik asid yana iya rage fenitoyin da ke cikin jini. Lalle likita ya sani kafin a fara, don ya gyara awon in da bukata.

Maganar mata ita ta fi nauyi. Abin da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar bayan jariri yana haɗuwa cikin kwana 28 na farkon ciki, sa'ad da mace ba ta ma tabbata tana da ciki ba. Folik asid na taimakon wannan haɗuwa, don haka tun kafin a ɗauki ciki a ke fara sha, har a cika mako 12. Sauran mata maikurogiram 400 su ke sha a rana, amma mai maganin farfaɗiya likitoci da yawa su kan rubuta mata miligiram 5. Akwai kuma magani mai suna balfuro'et, wanda a ka sani da Epilim. Cikin jarirai 100 da uwayensu su ka sha shi da ciki, wajen 10 a ke haifa da naƙasa, folik asid kuwa ba ya kawar da wannan haɗari. Mace mai shansa ta je ga likita tun ba ta ɗauki ciki ba, ya duba ko za a canja mata. Kada ta bari da kanta, domin faɗuwa da ciki na iya halaka uwa da ɗa. Ta haihu a asibiti, a yi wa jariri allurar bitamin K, wadda ke tsare shi daga zubar jini.

Bitamin B6 in ya yi yawa yana rage ƙarfin fenobabiton da fenitoyin, in an daɗe ana sha kuma ya kan kawo mutuwar hannu da ƙafa. Ƙwayar kalsiyam da maganin ƙwannafi su kan hana fenitoyin shiga jini sosai, don haka a bar awa biyu tsakaninsu. Babu wani bitamin da ke maye gurbin maganin farfaɗiya, sai ga wasu jarirai 'yan kaɗan ƙwarai masu wani irin ciwo na gado, wannan kuwa likita ne ke gane shi.

Ran zuwa asibiti a tattara kwalabe da kwalayen duk abin da a ke sha, har na gargajiya, a nuna wa likita. Kwalin da ba shi da lambar NAFDAC kuwa kada a saye shi.