Mai Juna Biyu da Ƙwayar Ais: Abin Yi da Abin Bari

Tun 2011, da hukumar NDLEA ta bankaɗo ɗakin haɗa metamfetamin na farko a Legas, ƙwayar nan da ake kira ais ta zama matsalar cikin gida. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin duk mutum huɗu masu shaye-shaye a Najeriya, ɗaya mace ce. 'Yar'uwa, in kina cikinsu kuma kina da ciki, ga magana ba ƙumbiya-ƙumbiya.

ABIN BARI

1. Kada ki ce ai kaɗan kike sha. Ais tana matse jijiyoyin jini, ta rage abinci da iskar da ke isa ga ɗan tayi, ke kuma ta kashe miki sha'awar abinci. Binciken IDEAL da aka fara a Amurka a 2002 ya gano cewa haɗarin haihuwar jariri ɗan mitsitsi ya ninka fiye da sau uku ga masu shanta.

2. Kada ki ɗauka an sauka lafiya shi ke nan. Wannan binciken ya bi yaran, ya tarar da ƙarin fargaba da saurin harzuƙa suna 'yan shekara 3 da 5, sannan rashin natsuwa ya fito fili a shekara 5. A Suwidin, yaran da uwayensu suka sha amfetamin, dangin ais, sun kai shekara 14 suna baya a lissafi da harshe.

3. Kada ki ɓoye wa malamar awo. Ais na jawo hawan jini, haihuwar bakwaini, da ɓallewar mabiyiya tun kafin naƙuda. Wadda ba ta san abin da kike sha ba, ba za ta san abin da za ta tsare ba.

4. Kada ki ba jariri nono alhali kina sha. Ƙwayar na sauka cikin nono.

5. Kada ki maye gurbinta da tiramol, kodin ko shisha.

6. Maigida da iyaye, kada ku kore ta, kada ku yi mata gori, kada ku kai ta gidan mari. Tsoron tonon silili ne ke hana mace zuwa asibiti har sai jini ya ɓalle.

ABIN YI

1. Ki daina yau, ko cikin ya kai wata bakwai. Likitoci a Hawayi sun ga cewa matan da suka daina kafin haihuwa sun fi samun cikakkun watanni da jarirai masu nauyi.

2. Ki nemi ƙwararru. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau, Barnawa, Kware da Maiduguri. Ba a sami ƙwaya ɗaya tak mai yaye wannan jaraba ba. Zaman shawara a kai a kai ne ke aiki.

3. A makonnin farko bayan kin daina, a ajiye wata babba kusa da ke. Barci mai nauyi, yunwa da baƙin ciki za su taso. In tunanin kashe kai ya zo, ki faɗa nan take.

4. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani, duhun gani, ƙullewar ciki kamar dutse, ko ɗa ya daina motsi: asibiti, ko da tsakar dare ne.

5. Bayan arba'in, a auna miki zuciya da jini, a duba haƙora. Ais na kumbura zuciya, ta ruɓar da haƙori, ta sa jin muryoyi da zargin kowa. Ki tattauna tazarar haihuwa har ki warware.

6. Ki gaya wa likitan yara gaskiya, a riƙa lura da nauyi, tafiya da maganar ɗanki. Gida mai kwanciyar hankali, abinci da makaranta suna gyara da yawa daga abin da ƙwaya ta ɓata.

Ɗan da ke cikinki amana ne, ke ma rayuwarki amana ce. Ki je awo a makon nan, ki buɗe baki ki faɗi gaskiya.