Arzikin Mutane Kafin Arzikin Kuɗi: Nazari a Kan Shugabancin Alhassan Ɗantata

Gabatarwa

Bahaushe ya kasa arziki gida biyu, wato arzikin kuɗi da arzikin mutane, kuma ya fifita na biyu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan ra'ayi shi ne ginshiƙin kasuwancin Hausa tun zamanin fatauci. Za mu kafa hujja da rayuwar Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955.

Gadon Madugu

Ɗantata ya fito ne daga zuriyar Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. A ayari, ba yawan dukiya kaɗai ke sa mutum ya zama madugu ba. Sai fatake sun yarda zai daidaita da sarakunan hanya kan kuɗin fito, ya raba gardama da adalci, ya tsaya wa wanda jakinsa ya faɗi. In suka daina amincewa da shi, baɗi sai su bi wani. Ashe ke nan mabiya ne ke riƙe da shugaba.

Zamanin Gyaɗa

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka zo da kuɗi, amma ba su da mutane. Ba su san manomi ba, ba su san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Wannan giɓi ne tsofaffin fataken goro suka cike. A 1918 Ɗantata ya fara saye wa Kamfanin Neja gyaɗa, ta hannun yaransa da ke warwatse a ƙauyuka.

Ya kamata a lura da ma'anar "yaro" a nan. Yaro ba ɗan ƙwadago ba ne da ake sallama da lada. Maigida kan ba shi jari ba tare da jingina ba, ya ɗauki nauyin aurensa da sunan 'ya'yansa, in ya yi asara ya sake ɗaga shi. Shi kuwa yaro yana biya da gaskiya da riƙon amana, halaye biyu daga cikin waɗanda Kirk-Greene ya lissafa a nazarinsa na "mutumin kirki" a 1974. Ribar wannan tsari ta bayyana a 1929, lokacin da Ɗantata ya kai kuɗin azurfa kan raƙuma 20 ajiya a sabon bankin Turawa na Kano.

Sai dai tsarin yana da rauni. Amana da mutum ake ƙulla ta, don haka sau da yawa kasuwanci kan bi maigida kabari. Ɗantata ya hango haka, ya yi wa 'ya'yansa wasiyya da su riƙe harkar tare, kada su wargaza ta. Daga wannan gida Sanusi da Aminu Ɗantata suka fito, haka kuma Aliko Ɗangote ta wajen mahaifiyarsa.

Kammalawa

Darasin da ke nan shi ne, kuɗi kan ƙare a kakar da gyaɗa ta ƙi, amma yaron da aka mutunta yana nan. Attajirin da ya ɗauki ma'aikatansa tamkar kayan aiki, ranar da kasuwa ta juya masa baya zai waiga bai ga kowa ba. Dama Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.