Asalin Na'urar Wasa ta Hannu

Wani mai gyaran rediyo daga Tsafe ya aiko yana tambaya, shin wa ya ƙago na'urar wasa ta hannu, irin wadda yara ke latsawa a kasuwannin Gusau da Bungudu?

To Malam, mun gode. Shahararriyar cikinsu ita ce Game Boy, ta kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a Japan, wanda tun 1889 katin wasa yake bugawa. An ce wani injiniyansa, Gunpei Yokoi, ya ga fasinja a jirgin ƙasa yana latsa kalkuleta don kashe lokaci, sai ya yi nazari, ya fitar da Game & Watch a 1980, sannan Game Boy a 1989.

Hikimar Yokoi kuwa, wadda a ganina ita ce jigon al'amarin, ita ce ƙana'a: alhali abokan gasa irin su Sega sun zaɓi allo mai launi wanda ke cinye batir shida cikin sa'o'i kaɗan, shi ya wadatu da allo mai ɗan kore marar launuka, da maɓalli mai siffar giciye, da batir huɗu masu jure dogon zama, har mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye. Game Boy ke nan, Malam, Game Boy.

Amma waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu, galibi kwaikwayo ne daga China, masu wasan jera bulo na Tetris, wanda asalinsa daga Rasha yake.