Yadda Ake Zagaya Duwatsun Jos da Iyali a Mota

Duk wanda ka gaya wa za ka kai iyali Jos, cewa zai yi ka cika tanki ka ɗauki rigar sanyi. Wannan ko yaro ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne motar da ta saba da shimfiɗaɗɗiyar hanyar Kano zuwa Zariya ba ta san hawa da gangara ba, direbanta ma haka. Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, Duwatsun Shere da ke gabashinsa kuwa sun haura mita 1,800. Ta ko'ina ka ɓullo sai ka hau, kuma duk abin da ka hau sai ka sauko.

Fara da zaɓen lokaci. Ni na fi son Oktoba zuwa farkon Nuwamba: ciyawa shar, ruwa na zuba a magangarar Assop da ƙarfinsa, sanyi bai kankama ba. Disamba da Janairu sun dace da hutun makaranta, amma daren Jos a watannin nan ba na jariri ba ne sai da hula da safa da bargo mai kauri. Agusta kuwa hazo ne da santsi, wani lokaci har da ƙanƙara.

Sai hanya. Daga Kano za ka bi Kwanar Ɗangora, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, Jengre, ka shiga Jos. Daga Zariya ta Pambeguwa za ka haɗu da wannan hanya. Mai tasowa daga Bauchi ta Toro da Tilden Fulani tafiyarsa gajeriya ce. Na Abuja zai bi Keffi da Akwanga ya hau ta Hawan Kibo. Ko wacce ce, a tashi da an idar da sallar asuba, a isa kafin la'asar. Ana gobe tafiya ka leƙa tasha ka tambayi direbobin da suka dawo a ranar halin da hanya ke ciki, don labarinsu ya fi na taswirar waya sabunta.

Kai motar wurin bakanike ana saura mako guda, kada ka bari sai jajibiri. Kada kuma ka ce masa kawai "a duba min ita". Tsaya a kansa ya cire taya ka ga kaurin takalmin birki da idonka. Idan man birki ya yi baƙi, a zubar da shi gaba ɗaya a zuba sabo, irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Tsohon mai yana tsotsar danshi, kuma da ya ɗau zafi sai ya tafasa, ka taka birki ƙafarka ta nutse har ƙasa. A duba lagireto da fanka da fanbel. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tayar gwanjo mai kyan zane da ta haura shekara shida, bar wa mai ita kayarsa. Ni Michelin ko Bridgestone nake sa wa, da tsadarsu da komai. Safaya mai iska, jek, abin kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku da takardun mota su zama a hannu, saboda 'yan Road Safety ba sa wasa da su. Lambarsu ta gaggawa 122 ce.

Yanzu ga inda aikin yake. Hawan Kibo shi ne gefen tudun ta hanyar Akwanga, mai lanƙwasa da tsayin gangara, kuma ya ci rayuka da dama, yawanci saboda manyan motoci da birkinsu ya tsinke. Ko daga Kano ka zo ba ka tsira daga gare shi ba, muddin yara sun ce sai sun ga ruwan Assop, wanda ke can wajen gindinsa, kilomita 60 da 'yan kai daga Jos.

Wajen sauka, giya ce ke riƙe mota. Tun kafin gangarar ta fara ka rage gudu ka dawo lamba uku, inda ta yi tsanani lamba biyu. Mai otomatik ya janye daga D zuwa 3 ko 2, ko L in ta kama. Injin zai yi ƙugi, uwargida za ta juyo ta dube ka, bar shi ya yi, aikinsa yake. Birki kuwa a taka shi da ɗan ƙarfi, gudu ya ragu, a ɗaga ƙafa ya sha iska, a sake. Ɗora ƙafa a kansa a hankali tun daga sama har ƙasa shi ke ƙona shi. Wanda kuma ya ce maka ka sa mota a firi don tattalin mai, kada ka sake karɓar shawararsa a kan komai da ya shafi mota. Man da za ka tsira da shi bai kai kuɗin ruwan leda na yara ba.

Idan ka ji ƙaurin ƙonewa, ko birki ya fara laushi, nemi fili a miƙaƙƙen wuri ka fita daga kan kwalta sosai, ka sa dutse a taya, ka jira ya huce da kansa. Kada ka watsa masa ruwa, ƙarfen zai iya lanƙwashewa. Kada ka tsaya a kwana. Madubi kuma ya zama abokinka: tirela ko tanka ta matso bayanka a gangara, ba ta hanya da zarar ka sami wuri.

Wajen hawa, matsalar zafin inji ce. Kashe na'urar sanyaya mota, a sauke gilashi, iskar wurin ta isa. Ido a kan allurar zafi. In ta haura, tsaya, buɗe bonet, amma kada hannunka ya taɓa murfin lagireto sai ya huce sarai. Za ka tarar da tirela tana jan ciki kamar kunkuru, hayaƙi na turnuƙe ka, yara na cewa "Baba, wuce ta mana". Yi haƙuri har sai ka hango gabanka da nisa. Yaron da mota ke juya wa ciki a zaunar da shi inda zai riƙa kallon gaba, a karɓe wayar hannunsa, a ajiye leda da ɗan citta kusa.

Rabon wuraren ziyara ba wuya. Rana guda a cikin gari: gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda kawunan yumɓun Nok suke, da filin gine-ginen gargajiya da ke kusa da shi, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya. Ɗan Kano ya zo Jos ya ga ganuwar garinsu, abin da ban dariya, amma yara suna jin daɗinsa. Da yamma a leƙa gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Rana ta biyu a haɗa Dutsen Riyom, mai manyan duwatsu a ɗore kan juna, da Assop, tunda hanya ɗaya ce. A Assop duwatsun bakin ruwa suna da santsi, silifas ba takalmin wurin ba ne. Shere sai da ɗan gari mai rakiya, kuma a bar ƙananan yara da tsofaffi a ƙasa. Kuɗin shiga wuraren nan ba yawa, sai dai a riƙe canji a hannu.

Gargaɗin da ba na gajiya da shi: kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield, Bukuru da Barikin Ladi. Ruwan a kwance, gwanin kyau a hoto, amma ramin ma'adinai ne, bakinsa a tsaye yake, zurfinsa ba a gani. Kada yaro ya matsa kusa, ko wanda ya iya iyo a kogin garinku.

Batun tsaro ma a faɗe shi a fili. Jihar Filato ta sha rikici, kuma har yanzu ana kai hare-hare a wasu ƙauyukan Riyom, Barikin Ladi, Bokkos da Mangu. Kafin ka wuce Mararrabar Jama'a zuwa kowane ɓangare, tambayi mai masaukinka yadda aka kwana. Ka tsaya kan babbar hanya, ka koma masauki kafin magariba, a shingen jami'an tsaro ka sauke gilashi ka yi gaisuwa. In an ce yau kada a je, a fasa.

Tsaraba a bar ta sai ranar komawa, da sassafe a kasuwar Farin Gada: dankalin turawa, kabeji, karas, koren wake. Buhu ɗaya ya isa motar da ke ɗauke da mutum shida da jakunkunansu. A tura shi can cikin but kusa da kujerar baya, a tsaya wurin mai faci ya daidaita iskar tayoyin baya, sannan a kama hanya.