Darasin Kiwon Lafiya: Allurar Ɗaukar Hoto da Ƙoda

Wani lokaci likita yakan tura majiyyaci babban asibiti domin a ɗauki hoton cikin jikinsa. Hoton karayar ƙashi ba ya bukatar allura, haka ma hoton cikin mai juna biyu. Amma akwai babban hoto da ake kira siti-sikan. Sau da yawa, kafin a ɗauke shi sai an yi wa mutum allurar wani ruwa a jijiya. Ruwan yana ɗauke da sinadarin aidin. Likitoci suna kiransa rini, ko da yake a ido garau yake kamar ruwan sha. Shi ne yake sa jijiyoyi da kayan ciki su fito sosai a hoton.

Bayan an gama, ƙoda ce take tace ruwan nan ta fitar da shi cikin fitsari. Lafiyayyar ƙoda ba ta cika wahala da wannan aiki ba. Wadda ta riga ta raunana ita ce abin ji, domin ruwan yakan rage jinin da yake shiga cikinta, har aikinta ya ja baya.

Waɗanda ya kamata a fi kula da su su ne masu ciwon ƙoda, da masu ciwon sukari, da masu ciwon zuciya, da tsofaffi, da wanda gudawa ko amai suka ƙarar masa da ruwan jiki. Irin waɗannan su faɗa wa likita tun kafin a yi allurar, ko da bai tambaya ba. Su nuna masa duk maganin da suke sha, har da na gargajiya. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a kemis, irin su ibufurofen da dikilofenak, suna ƙara wa ƙoda nauyi, kuma manoma da yawa suna shansu kamar gyaɗa.

Likita zai auna jini ya ga ƙarfin ƙodar. Yana iya sa ƙarin ruwa, ko ya dakatar da wani magani, ko ya sauya irin hoton.

Idan matsala za ta zo, takan bayyana cikin kwana 2 zuwa 3. Yawanci sai a gwajin jini ake gane ta, kuma mafi yawan mutane ƙodarsu takan dawo daidai cikin mako 1 zuwa 2. Kaɗan ne suke kaiwa ga wankin ƙoda. Saboda haka tsoron allurar bai isa dalilin ƙin hoto ba. Amma wanda ya koma gida ya ga fitsarinsa ya ragu, ko ƙafafunsa sun kumbura, ya koma asibiti a ranar.