Sabon Shafi Ya Ƙi Ɗauko Ragowar Watan Jiya

Zuwa ga Malam mai Filin Shawarwari,

Ni ne ma'ajin wata ƙungiyar 'yan kasuwa, ina kuwa rubuta hisabinmu a manhajar Excel, kowane wata da shafinsa. Abin da ya saura a ƙarshen wata shi ke buɗe watan da ke biye. Amma duk sa'ad da na kwafi shafin Fabrairu domin in mai da shi na Maris, sai in tarar fomular tana nan tana ɗauko ragowar Janairu, har sai na bi na gyara da hannu. Da yake dukiyar jama'a ce, ina tsoron ranar da mantuwa za ta sa in karanta musu lissafin da ba shi ba. Shin akwai dabarar da za ta sa kowane sabon shafi ya nemi na bayansa da kansa?

Naka, Ma'aji, daga Zariya.

Amsa

Malam Ma'aji, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan tsantseni. Asalin mas'alar shi ne, Excel da suna take sanin shafi, ba da matsayinsa a jeri ba. Fomular da aka rubuta mata Janairu kamar ɗan aike ce da aka faɗa wa sunan mai gida, ko daga wace unguwa ya taso, ƙofar nan zai nufa.

Maganin kuwa yana ga INDIRECT, wadda ke karɓar rubutu ta mai da shi adireshi. Da farko ka ajiye ragowar ƙarshen wata a gurbi guda a saman kowane shafi, misali C3, sa'an nan ka sa wa shafuka sunayen 1, 2, 3 har zuwa 12, a jere. A gurbin buɗe wata na shafi na 2 sai ka rubuta:

=INDIRECT("'"&(SHEET()-1)&"'!C3")

Ita SHEET, wadda ta shigo tun Excel ta 2013, matsayin shafin take bayarwa. Idan aka ɗebe ɗaya, an sami sunan wanda ya gabace shi. Saboda haka in ka kwafi shafi, ka ajiye shi a bayan na ƙarshe, ka sauya sunan nan "2 (2)" da za ta ba shi zuwa 3, shi ke nan. Shafi na 1 kaɗai ne za ka rubuta wa kuɗin farko da hannu, tun da babu abin da ya gabace shi.

Sai dai akwai sharuɗɗa waɗanda kiyaye su wajibi ne. Kada ka cusa wani shafi a gaba ko a tsakani, ko da ɓoyayye ne, domin shi ma ana ƙidaya shi. Kada kuma ka ƙara layi a saman C3, gama INDIRECT ba ta bin gurbi idan ya gusa. In sunan da take nema ya ɓace, za ta nuna #REF!, wannan kuwa da sauƙi, tun da ido na ganinsa. Babbar illa ita ce ta ɗauko lambar da ba ita ba, ba tare da wata alama ba.

Don haka, duk ƙarshen wata ka gwada abin da ke shafin da abin da ke cikin asusu kafin ka karanta wa jama'a. Na'ura tana rage wahala, amma amanar tana wuyanka. Allah ya taimake ka.